Wuta a Ƙarƙashin Daɓe: Tafiya zuwa Trondheim

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, karatu ne ya kai shi birnin Trondheim na ƙasar Norwe, aiki kuma ya zaunar da shi. Bayan shekaru yana haya, Allah ya hore masa wani tsohon gidan katako a unguwar Byåsen, kan tudun da ke yamma da gari. Gida lafiya lau, in ban da banɗakin ƙasa. Wayar da ke ɗumama daɓensa ta mutu, ruwa kuma ya fara ratsa tayil, don haka babu makawa sai an fasa an sake. Da ya kira ni in zo hutu sai ya ce, "Ɗan Yaya, tunda kai jikan magina ne, ka bari sai Janairu, ka zo ka ga yadda ake binne wuta a cikin siminti." Na taso ina ganin ana daɓe, na ƙasa da makuba da kuma na siminti, amma ban taɓa jin daɓe mai wuta ba. Na nemi biza, na shiga gwanjon Ƙofar Wambai na zaɓo rigar sanyi mafi kauri, na kama hanya.

Daga Abuja muka bi ta Istanbul, muka sauka a Gardermoen, filin jirgin saman Oslo, cikin dare. Na kwana a wani masauki kusa da filin. Da asuba na shiga alwala, na tuɓe silifa, tafin ƙafata ya taka tayil, sai na ji ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi ne mai laushi wanda ya kai ko'ina, daga bakin ƙofa har jikin bango. Na duba ban ga murhu ba, ban ga bututu ba, babu ƙara, babu iska mai hurowa. Kafin in idar da salla ruwan da ya zuba a ƙasa ya bushe. A waje kuwa dusar ƙanƙara ce ta rufe motoci.

Jirgin ƙasan Trondheim yana tsayawa a ƙarƙashin filin jirgin saman, tafiyar kuma ta fi awa shida. Sai da muka kai gaɓar Mjøsa, tafki mafi girma a ƙasar, sannan gari ya fara wayewa. Muka wuce Hamar, muka wuce Lillehammer inda aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 1994, muka shiga kwarin Gudbrandsdalen mai tsawo, gonaki a rataye a jikin tsaunuka, rumbunan katako jajaye tsaye cikin fari. Daga Dombås jirgin ya fara hawa. Bishiyoyi suka gajarce, suka ƙare, muka fito wani fili fari fat a kan tsaunin Dovre, wanda a Hjerkinn tsayinsa ya haura mita 1,000. A 1921 aka kammala wannan layin. An ce akwai wasu shanun daji masu dogon gashi a wajen, na yi ta leƙe ban gansu ba. Abin da idona ya kama shi ne gidaje. Kusan kowanne da bututun hayaƙi a rufi, da yawa kuma da wani akwati a jikin bango irin na iyakwandishan. Na riƙe wannan a raina, don mamakin me iyakwandishan ke yi a ƙasar da ruwa ke daskarewa.

A wannan wata rana kan fito a Trondheim wajen ƙarfe 10, ta faɗi wajen ƙarfe 3. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. Ko da Kawu ya tarbe ni a tasha duhu ya riga ya sauko, gari ya cika da fitilu, kogin Nidelva na tafiya baƙi ƙirin a ƙarƙashin gadoji. A ƙofar gida na tarar da takalma a jere. Mutanen ƙasar ma haka suke yi, ba a shiga ɗakin kowa da takalmi, kuma nan na fara gane dalilin da ya sa suka damu da abin da ƙafa ke takawa.

An riga an fasa banɗakin kafin in iso. Mai aikin famfo ya sa sababbin bututu da sabuwar magudana a ƙasa, saura mai wayarin. A can ba kowa ke taɓa wannan aiki ba. Doka ta ce kamfanin da ke cikin rajistar hukuma ne kaɗai zai shimfiɗa wayar ɗumi ya haɗa ta, bisa ƙa'idojin da suke kira NEK 400, kuma in ya gama sai ya ba mai gida takardar shaida cewa aikin ya cika sharuɗɗa. Wanda ya zo mana dattijo ne mai furfura, tare da wata budurwa mai koyon aiki. Ta ce mini shekara 2 ta yi a makarantar sana'a, yanzu tana cikin shekara biyu da rabi na bin ubangida kafin ta yi jarrabawar zama cikakkiyar ma'aikaciya.

Ranar farko ko waya ba su kawo ba. Tef da fensir da takarda mai layi-layi kawai dattijon ya fitar, ya tsuguna a kan tsohon kankare ya fara tambaya. Ina masai zai zauna? Kabad ɗin kwanon wanke hannu, a ƙasa zai tsaya ko a bango za a rataye shi? Injin wanki fa? Ƙofar gilashin wurin wanka, da kusa za a kafe ta a ƙasa? Kawu ya ce wasu daga ciki ba su yanke ba tukuna, za su gani in an gama. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce babu sauran gani bayan an zuba siminti. Duk inda abu zai zauna daram a ƙasa, iska ba ta shiga ƙarƙashinsa, ba a sa waya, domin zafin ba shi da hanyar fita, zai taru ya cinye rufin wayar a hankali. Duk inda za a huda da injin huji ma ba a sa waya. Sai da Kawu ya kira matarsa. "Maman yara, zo ki nuna inda kike son kabad ɗin nan, yau ake rufe maganar." Anti ta zo, ta tsaya, ta auna da ido, ta nuna. Aka zana.

Lissafin da ya biyo baya na kwafe shi a littafina, don a nan ne ainihin aikin yake. Faɗin banɗakin murabba'in mita 6 ne. Da aka cire wurin masai, da kabad, da kewayen magudana, da ɗan tazara daga bango, sai ya rage 4.5. A banɗaki sukan so wat 120 zuwa 150 a kowane murabba'in mita, saboda ana son tayil ya yi ɗumi kuma ya bushe da wuri. Wayar kuwa ba a sayen ta a yanka yadda aka ga dama. Daga masana'anta take zuwa da tsawonta da ƙarfinta, an rufe bakinta, an haɗa mata wutsiyar da ba ta zafi wadda za ta hau bango. In ka rage mata ko da mita ɗaya, ka rage juriyarta, wuta ta ƙaru, ta yi zafin da ba a yi ta dominsa ba. Saboda haka ɗakin ake auna wa waya. Dattijon ya zaɓi mai wat 600, irin wadda ke ba da wat 17 a kowace mita, tsawonta mita 35 da 'yan kai. Wat 600 a raba wa murabba'i 4.5 ya ba da kusan 133, ya faɗa cikin abin da ake nema. Sannan ya raba faɗin da tsawon, ya sami tazarar da za a bari tsakanin layi da layi: kusan santimita 13. Ya ce in tazarar ta yi faɗi ƙafa za ta riƙa jin nan ɗumi nan sanyi, in ta matse kuma wayar ta ƙare kafin a kai ƙarshen ɗaki, ko zafi ya taru wuri ɗaya. Ya ƙara rubuta lamba ɗaya a gefen takardar ya ja mata layi: om 88. Wannan ita ce juriyar da ya kamata mitar gwaji ta nuna ga wannan waya da aka yi don wutar bolt 230, kuma da ita za a riƙa gwada lafiyar wayar har ranar ƙarshe.

Bai tashi ba sai da ya ƙwanƙwasa tsohon kankaren da gindin guduma. Gidan na shekarun 1970 ne, abin da aka sa a ƙarƙashi don tare sanyi kaɗan ne. Ya ce zafi bai san sama ko ƙasa ba, inda ya sami hanya nan yake bi, kuma in aka ɗora waya kai tsaye a kan wannan, wani kaso na kuɗin Kawu zai tafi ɗumama ƙasar da ke ƙarƙashin gida. Ya nemi a shimfiɗa allunan soso mai tauri tukuna. Mai tayil ya ce hakan zai ɗaga daɓen, ga shi dole a bar gangara zuwa magudana, ga dokin ƙofa da bai kamata ruwa ya tsallake ba. Suka yi ta jayayya a kan santimita biyu, uku, kowa da lebur a hannu. Ina tsaye ina kallo ina jin daɗi, domin jayayya ce ta mutanen da suka san cewa abin da suke shirin rufewa zai yi shekara talatin ko fiye ba wanda ya sake ganinsa.

Da dare magana ta koma falo. Anti ta daɗe tana son a ɗumama ƙasan falon ma, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Su ba mutanen kujera ba ne. A ƙasa suke cin abinci, a ƙasa yara ke karatu, a ƙasa take zama ta yi wa 'yarta kitso. "Baban yara, kai da safe ka fita," in ji ta, "mu ne ke yini a kan katakon nan." Washegari aka gabatar wa dattijon da buƙatar. Ya kalli kafet ɗin da ta shimfiɗa daga bango zuwa bango, mai kauri, da tuma-tumai, da katifar da ake jawowa in an yi baƙi. Ya ce ana yi wa katako, da wata leda mai ɗauke da siraran layukan ɗumi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, amma ƙarfinta ba ya wuce wat 60 ko makamancin haka a murabba'in mita, kuma ba a barin saman katakon ya haura digiri 27, in ba haka ba ya bushe ya tsage ya buɗe baki. Kafet mai kauri ko katifa a kai kuwa bargo ne: ɗaki ba zai ji ɗumin ba, katakon da ke ƙarƙashi zai gasu.

Wannan iyakar ta digiri 27 ta tuna mini da gadon ƙasa na ƙauyukanmu, wanda ake hura wuta a cikinsa don tsofaffi a lokacin jaura ko don maijego. Hikimar ɗaya ce, a ɗumama ƙasa ta riƙe zafin ta riƙa saki a hankali, yadda Rumawa suka yi a gidajen wankansu, mutanen Koriya kuma suke yi a ɗakunansu tun da daɗewa. Abin da gadon ƙasa ya rasa shi ne awo. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun rubuta a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da kwanciya a gado mai zafi, da wankan jego, da kunun kanwa. Duk wannan dabarar ta zamani, in ka tuɓe ta, waya ce mai zafi da wani ɗan ma'auni da ke cewa ya isa.

Ni dai ina bayan Anti a ƙorafinta, ko da yake dattijon bai faɗi ƙarya ba. Mai tsara ɗumin gida ya kamata ya fara tambayar yadda mutanen gidan ke zama, kuma littattafan masu sayar da kayan ba su san iyalin da ke cin tuwo a ƙasa ba. A ƙarshe an sami tsaka-tsaki. Falo ya zauna yadda yake. Ƙaramin ɗakin da suke salla, yara ke bitar allo, mai murabba'in mita 9, shi za a sa wa ledar, da ma'auni a cikin daɓe wanda zai yanke wuta a digiri 27, bisa sharaɗin darduma marar kauri kawai za a shimfiɗa, a naɗe ta in an idar. Soron shiga gida kuma, inda takalma ke zubar da ƙanƙara, za a sa masa tabarmar waya siririya a ƙarƙashin tayil.

Akwai dalili na biyu da ya sa aka bar falon, kuma shi ya warware mini mamakin akwatunan da na gani daga jirgi. Waya mai zafi, komai kyanta, abin da ta ci shi take bayarwa: kilowat ɗaya na wuta, kilowat ɗaya na ɗumi. Akwatin nan kuwa iyakwandishan ne da aka juya aikinsa. Yana zuƙo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ya tura shi cikin gida, kuma a yawancin kwanaki yakan ba da ninki biyu zuwa uku na wutar da ya ci. Kawu na da ɗaya a falo, ga murhun itace na ƙarfe a kusurwa don dararen da sanyi ya tsananta. Babban ɗaki na waɗannan ne. Wayar daɓe ta ƙananan wurare ce masu tayil da jiƙa.

Wata safiya Kawu ya kai ni Leirfossen, kudu da gari, inda Nidelva ke gangarowa daga dutse. Tun 1901 ake samar da lantarki a wurin. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar Norwe daga ruwa take fitowa, daga ƙanƙarar da ke narkewa a tsaunuka irin waɗanda na ratsa, mutanen ƙasar kuma miliyan biyar da rabi ne kacal. Shi ya sa suka saba ɗumama gida da lantarki yadda maƙwabtansu da yawa ba su yi ba, kuma daga farkon 2020 aka hana ƙona mai dangin fetur don ɗumama gine-gine. Amma arhar ba ta tabbata ba. An raba ƙasar shiyya 5 ta fuskar farashi, kuɗin wuta na sauyawa a cikin yini guda, kuma a 2021 da 2022 ya yi tashin da ya sa gwamnati ta fara ɗauke wa magidanta wani kaso tun daga Disamban 2021. Kudu ne ya fi shan wuya, shiyyar Trondheim ta sami sauƙi. Daga Yulin 2022 kuma wani ɓangare na kuɗin layi ya koma bin yawan wutar da gida ya ja a lokaci guda. Wannan ya shiga cikin tsarin dattijon. Ya buɗe akwatin fis, ya lissafa murhun girki, tukunyar ruwan zafi, cajin mota, sannan ya ɗora sababbin wayoyin a kai ya ga ko babban fis zai ɗauka. Ta banɗaki amfiya 2.6 kawai take ja. Ya ba da shawarar a saita na'urar daidaita zafi ta yi aikinta da asuba, kafin a kunna sauran kaya, tunda siminti mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi kuma yana jinkirin sakinsa.

A bakin ruwan na tambayi Kawu ko irin wannan zai yi a Jos, inda dare kan yi sanyi a Disamba da Janairu. Ya ce in lissafa da kaina. Wat 600 na awa 8 kusan yunit 5 ne a rana, don banɗaki ɗaya. Ga wutar da ba ta tsayawa, ga gidajen bulo da tagogin da iska ke ratsawa, ga sanyin da bai wuce 'yan makonni ba. Na yarda da shi. Abin da ya fi damuna game da hunturunmu shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda iskarsa ke kashe mutane cikin barci, kuma maganin wannan silin ne mai kyau da toshe kafofi da bargo, da fitar da garwashi kafin a kwanta.

Da aka ce sai an jira kaya, na shiga jirgin ƙasan Røros, tafiyar kusan awa biyu da rabi zuwa kudu maso gabas. Garin haƙar tagulla ne, daga 1644 har 1977, kuma tun 1980 yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Tituna biyu ne manya, gidajen gungumen katako baƙaƙe, wasu da ciyawa a rufi, cocin 1784 a samansu, tarin kashin tama a bayan gari. A 1914 an auna sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili a nan. Ranar da na je bai kai ko rabin haka ba, amma gashin hancina ya daskare kafin in kai masauki. Matar da ke kula da masaukin ta ce a irin waɗannan tsofaffin gidaje ba a yarda a taɓa katakon daɓe yadda aka so, don haka banɗaki kaɗai ke da waya, kuma ba ta kashe ta ko babu baƙo. Tana barin ta a ƙasa-ƙasa don kada ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi. Masu bukkokin hutu a tsaunuka, in ji ta, da wayar hannu suke ƙara zafin tun suna hanya.

Ranar shimfiɗa na koma. An riga an jera allunan soson, an ɗora ragar ƙarfe a kai an ɗan ɗaga ta, domin ba a son wayar ta kwanta a jikin soso, so ake siminti ya kewaye ta ta ko'ina ya kwashe zafinta. Kafin a warware ta daga faifanta budurwar ta sa mita. Ta karanta lamba kusa da 88, dattijon ya rubuta. Ta sake gwaji na biyu da wata na'ura mai tura bolt 500, don a ga ko rufin wayar na yoyo zuwa ga sulken ƙarfen da ke kewaye da ita, wanda ake haɗawa da ƙasa. Babu yoyo. Sannan ta durƙusa da safa a ƙafa, ta fara daga jikin bangon da wutsiyar za ta hau, tana jan wayar zuwa ƙarshen ɗaki ta lanƙwaso ta a hankali ta dawo, tana ɗaurewa a ragar da 'yan igiyoyin roba, da wani guntun katako mai santimita 13 a hannu tana gwada tazara. Ba ta bari layi ya taɓa layi, balle ya hau kansa. Da ta zo magudana ta kewaye ta daga nesa, saboda zafi kusa da ita yana busar da ruwan da ke tare wari. Cikin wurin wanka kuwa ta shiga da wayar, don nan ne aka fi son bushewa, amma ta tabbatar bakin wayar na ƙarshe ya faɗa a busasshen gefe. Mahaɗin da ke tsakanin waya mai zafi da wutsiyarta ta kwantar da shi a ƙasa inda siminti zai binne shi. Dattijon ya ce yawancin wayoyin da ya tono matattu a wannan mahaɗin suka mutu, saboda wani ya tura shi cikin bango inda babu abin da zai sha zafinsa.

Saura ma'aunin. Ɗan ƙaramin abu ne a bakin siririyar waya, amma ba a binne shi tsirara. Bututun roba aka sako daga bango, aka kwantar da shi daidai tsakiyar layi biyu, aka toshe bakinsa, sannan aka zura ma'aunin a ciki. In ya lalace bayan shekaru, a zaro shi a zura wani ba tare da an fasa tayil ko ɗaya ba. In ya matsa kusa da waya zai riƙa yanke wuta tun ɗaki bai ɗumama ba. A akwatin fis kuma aka sa makatsar da ke yanke layin da zarar wutar da ta kai miliamfiya 30 ta ɓace hanya, domin wuri ne da mutum ke tsayawa jiƙe, ƙafa ba takalmi.

Da suka gama, budurwar ta ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, da tef a shimfiɗe a ƙasa don a ga nisan kowane layi daga bango. Aka sake sa mita, aka rubuta. Washegari mai tayil ya zo da kwaɓinsa, ya shimfiɗa katakai yana takawa, yana zubawa da bokiti a hankali, yana danna simintin ya shiga ƙarƙashin waya don kada a bar kogon iska. Dattijon bai tafi ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, mitarsa a haɗe da wutsiyar wayar, idonsa a kan lambar, don in cebur ya ji mata rauni a sani tun simintin na ɗanye. Da aka shafe daɓen aka fitar da gangara, ya yi awo na uku. Lambobin uku suka zauna a jere a takarda ɗaya, kusan iri ɗaya. Ya haɗa su da zanen da hotunan da takardar shaida, ya ce Kawu ya adana, duk wanda ya sayi gidan nan gaba haƙƙinsa ne ya san inda wuta ta bi. Ya kuma cire fis ɗin layin ya manna masa takarda. Ba za a kunna ba sai simintin ya yi kamar mako huɗu ya bushe da kansa, an shafa robar da ke hana ruwa ratsawa, an ɗora tayil. In aka gaggauta shi da zafi tsagewa zai yi.

Bizata ba ta kai wannan lokaci ba. Na biyo jirgin dare zuwa Oslo, na dawo gida na tarar da ƙurar hunturu ta fara janyewa. Sai a ƙarshen Fabrairu Kawu ya kira. Ya ce dattijon ya dawo ya yi awon ƙarshe, sun kunna a ƙasa-ƙasa, suna ƙara digiri ɗaya ko biyu kowace rana har suka tsaya a 25. Anti ta karɓi wayar ta ce in gaida Yaya, in kuma gaya mata ɗakin salla ya zama ɗakin kowa, har sai ta kori yara kafin ta sami wurin shimfiɗa darduma. Maganar falo kuwa, ta ce ba ta janye ba, ta fara neman kafet marar kauri.